Haƙƙin Fursuna: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Jama'ar Katako da kewaye, 'yan kasuwa da kafintoci da 'yan dako, ga wani darasi game da waɗanda ke tsare a gidan yarin Jos. Wanda alƙali ya ɗaure, 'yancin walwalarsa kaɗai aka karɓe. Mutuncinsa na ɗan Adam yana nan, kuma sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtar da kowa ko wulaƙanta shi.

Ƙa'idojin duniya

A shekarar 1955, a birnin Janeba, taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsara ƙa'idojin riƙon fursuna. An sabunta su a 2015, suka zama guda 122, aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku. Sun ce a raba maza da mata, yara da manya, masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci. A ba kowa abinci mai gina jiki, da ruwan sha, da makwanci, da ɗaki mai iska da haske. Wanda ba ya aikin waje a bar shi ya sha iska aƙalla awa ɗaya kullum. Magani kyauta ne. An hana duka, an hana ɗakin duhu, an hana kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

Yadda abin yake a gida

Babbar matsalarmu cunkoso ce. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu zaman yari a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, alhali a idon doka ba su da laifi sai kotu ta tabbatar. Ɗaki in ya cika, ƙazuwa da tarin fuka kan yaɗu, tsaro kuma ya yi wuya. Mutanen Jos ba su manta da harin 28 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da aka fasa gidan yarin, aka rasa rayuka, fursunoni fiye da 200 suka tsere.

Dokar 2019 ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Ta umarci shugaban gandirobobin jiha ya sanar da Babban Jojin jiha idan gida ya cika, ta kuma buɗe hanyar hukunta masu ƙananan laifuka da aikin al'umma maimakon ɗauri.

Abin da ya rage gare ku

In an kama ɗan'uwanku, ku sani dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Belin 'yan sanda kyauta ne, kada ku ba da ko sisin kwabo. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Ku riƙa ziyara, ku rubuta lambar ƙara da ranar zama, domin wanda dangi suka manta da shi ne takardarsa kan kwanta.

Ranar da aka sallame shi kuma, maigida ya ba shi gurbi a rumfa. Wanda ya fito ya sami sana'a da wuya ya koma.