Gadon jikin bango: fara duba gininka

A Dogon Dutsi da Tibiri, inda ɗaki guda kan zama wurin kwana kuma wurin karɓar baƙi, gadon da ake ɗagawa a jingine da bango yana da amfani ƙwarai. Amma kafin ka je wurin mai walda, ƙwanƙwasa bangonka ka ji.

In ginin laka ne, kada ka kuskura ka kafa gado a jikinsa. Laka ba ta riƙe ƙusa, balle in damina ta jiƙa ta. Wata rana gado da katifa sai su rufto kan yaro. Gara a haƙa ƙasa, a dasa ƙarafa biyu da siminti, gadon ya rataya a kansu. Ko bulon siminti ma, tunda mai rami ne, dogon noti yake so wanda zai huda bango ya ɓullo ta baya.

Wajen ƙera gadon, ƙarfe ya fi katako, saboda gara. Sayi katifa tukuna a auna ta: ta mutum biyu takan kai santimita 140 a faɗi, 190 a tsawo, don haka dole tsayin ɗakin ya zarce mita 2. A sa sakata biyu masu riƙe gadon can sama, inda hannun yara ba ya kai. Gidan sauro kuwa, a nema masa maratayi daban a jikin azara.