Idan An Tura Ka Zandam Koyar Da Turanci

Ƙanena, ka gama makonni uku a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau da ke Dutse, an miƙa maka takarda, ka duba ka ga Ƙaramar Hukumar Gwaram, da ka bincika aka ce makarantar da aka tura ka tana Zandam. Na san abin da zai fara zo maka a rai, wato neman wanda zai sa a mayar da kai cikin Dutse. Ina roƙonka ka dakata. Na koyar da Turanci a wannan yanki na kudancin Jigawa, kuma abin da zan gaya maka ya shafi ƙanwata da aka turo, da duk malamin da aiki ya kawo shi daga wata jiha.

Tafiyar ba ta da wuya. In daga Kano ka taso, za ka bi ta Wudil, ka wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, ka miƙe har Birnin Kudu. A tasha ka nemi motar Gwaram, ka gaya wa direba tun kafin a tashi cewa Zandam za ka, shi zai sauke ka inda za ka sami ɗan acaɓa. Ka yi sammako don ka isa da rana tsaka. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, ka tambayi direbobi halin hanya kafin ka biya kuɗin mota, domin ruwa kan ci kwalbati a wannan yanki.

Kada ka cika kaya. Gidan sauro, tocila, ƙaramar sola ta cajin waya, bokiti, tabarma, bargo saboda hunturun Disamba da Janairu, da tufafi marasa nauyi saboda zafin Maris zuwa Mayu, sun ishe ka. Ka riƙe tsabar kuɗi a hannu, don wata rana sabis kan ɗauke, mai POS ma ya rasa yadda zai yi da kai. Alawus ɗin Naira 77,000 da aka fara biya a 2025 zai riƙe ka a nan fiye da yadda zai riƙe ka a birni, in ka sayi gero da wake da man gyaɗa da kaka, ka kuma riƙa zuwa kasuwar Sara ko ta Gwaram tare da abokan aikinka da suka san farashi. Zazzaɓi in ya kama ka, ka je asibiti a gwada jininka, kada ka tsaya shan magani da ka. In abin ya yi tsanani, akwai babban asibitin tarayya a Birnin Kudu.

Kafin ka taɓa alli, ka yi gaisuwa. Gwaram da Birnin Kudu ƙasar masarautar Dutse ce, kuma tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa yana nan da ƙarfinsa. Ka roƙi shugaban makaranta ya raka ka wurin dagaci. Ka cire takalmi, ka rusuna, ka ce “Ranka ya daɗe, ni ne baƙon malamin da aka turo.” Daga nan ka je wurin liman da “Allah gafarta Malam.” Wannan gaisuwa ta rabin awa ita za ta samo maka ɗaki, ita za ta sa wata tsohuwa ta aiko maka da tuwo daren farko, ita ce kuma za ta tsaya maka ranar da aka yi maka mummunar fahimta. Da ɗan gari akan ci gari. Ke kuma ƙanwata, ki nemi masauki a cikin gida mai iyali, ki riƙe hijabinki ko babban mayafi, ki shiga gaida matan gida safe da yamma. Uwar gidan da kika kira Inna za ta riƙe ki kamar 'yar cikinta.

Yanzu sai aji, kuma nan ne zan daɗe. A darasina na farko na yi minti arba'in ina zuba Turanci, yara sun yi tsit, duk abin da na tambaya sai su amsa da “Yes sir.” Da na karɓi littattafansu na tarar sun kwafe allo tsaf, amma da na ce wani ya faɗa mini ma'anar jimla ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijon malami ya ja ni gindin darbejiya ya ce, “Malam, yaran nan girmanka suke gani, shi ya sa ba za su ce ba su gane ba. Ka fara da abin da ke bakinsu.”

Washegari na rubuta mota, tebur, fensir da bokiti a allo, na tambaye su ko wane harshe ne. Suka ce Hausa. Na rubuta asalin kowace kalma ta Turanci a gefenta. Ajin ya ɗauki hayaniya, wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu daga can baya ta ce, “Malam, tocila fa?” Kafin a kaɗa ƙararrawa mun tara kalmomi sun cika allo. Ranar suka gane cewa sun daɗe suna jin wani abu na Turanci, tsoro ya ragu.

Ka san inda harshen Bahaushe yake tuntuɓe. Ba ma raba p da f, don haka ka sa yaro ya haɗe leɓɓansa ya saki iska da ƙarfi a kan takarda har ta motsa, wannan p ke nan, sannan ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa don f. Muna cusa wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa muke cewa burodi da sukurudireba. Kada ka yi wa yaro dariya a kan wannan, kada kuma ka bari aji ya yi masa. Wasu ɗalibanka 'ya'yan Fulani ne daga rugage, Turanci shi ne harshensu na uku bayan Fulatanci da Hausa. Ka koyi gaisuwarsu, za ka ga yadda fuskarsu take sakewa.

Abin da kake yi sana'a ce da manyan ƙasashe suke kashe mata kuɗi. Tun 1987 Japan take ɗauko matasa daga ƙasashen waje a shirinta na JET, tana tura da yawansu ƙananan garuruwa su taimaka wa malaman Turanci. Can ma baƙon malami yana tarar da yara masu kunyar magana, masu cusa wasali a kalma kamar namu, masu haɗa r da l. Shi yana fama da harshen da bai iya ba, kai kuwa ka zo da Hausarka. Ka yi amfani da ita wajen bayani, sannan ka sa su maimaita da Turanci har ya zauna.

Ka san lokutan garin. Da damina da kaka yaro zai yi fashi saboda noma, ko yankan riɗi, ko cirar gyaɗa, ranar kasuwa kuma aji kan rage. Bulala ba ta maganin wannan. Ka je gida ka gaida mahaifinsa, ka ce, “Baba, yaron nan yana da kai, a ba ni shi ko zuwa azahar ne.” Yawanci za a ba ka. In za ka yi ƙarin darasi, kada ya ci karo da Islamiyya, kuma ka yi shi a fili inda kowa ke gani, musamman in akwai 'yan mata. Ka kame kanka daga siyasar gari da rigimar gona.

Wata Asabar ka nemi izini ka kai manyan ɗalibai Birnin Kudu su ga zanen shanu na mutanen dā a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ka ce kowa ya rubuta jimla biyar da Turanci kan abin da ya gani. Ka nuna musu Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Dangote ya gama sakandare a 1978, su san cewa ƙasarsu ta daɗe da ilimi.

Yaron Zandam zai zauna jarrabawar WAEC da NECO da JAMB iri ɗaya da ɗan Legas, kuma in bai ci Turanci ba ƙofar jami'a ba za ta buɗe masa ba, komai ƙoƙarinsa a lissafi. Shekara ɗaya aka ba ka, ta isa yara talatin su koyi karanta shafi su gane abin da ke ciki. Don Allah ka je, ka zauna a garin, ka shiga aji kullum. Allah ya kai ka lafiya, ya sa albarka a allinka.