Darasin Harshe: Kalmar "Dehydrate" da 'Yan'uwanta

Darasinmu na wannan fitowa yana kan kalmar Turanci "dehydrate", wadda duk mai shirin zuwa aiki ƙasashen Larabawa ya kamata ya sani.

Kalmar gaɓa biyu ce: "de" na nuna cirewa, "hydr" kuwa daga Girkanci take, ma'anarta ruwa. Wato cire ruwa daga abu.

Amfani na farko shi ne ga abinci: busar da nama a yi kilishi, ko shanya kuɓewa don kada ta lalace. A Larabci wannan shi ne "tajfif", daga "jaffafa", ya busar. Ɗalibai su lura da shaddar da ke kan harafin tsakiya, ita ta mayar da "jaffa", ya bushe, zuwa aikin da ke faɗawa kan wani abu.

Na biyu ga jikin mutum, kuma nan haɗarin yake. "Dehydration" ƙarewar ruwan jiki ne, Larabawa su ce "jafaf". Alamunsa ƙishirwa, ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu. Ku ɗauki garin Al-Wakra, kudu da Doha a Katar, inda Gana ta kara da Yurugwai a filin Al-Janub a 2022. Akwai 'yan zango da ke aikin gini a ƙasar, kuma saboda tsananin zafi, a 2021 hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. In ka ga wannan kalma a allon wurin aiki, gargaɗi ne: sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ka. Wanda jiri ya ɗebe shi, a kai shi inuwa, a nemi likita.

Kada a haɗa ta da "dewater". Al-Wakra a bakin teku take, ruwa na kusa a ƙarƙashin ƙasa, sai an zuƙe shi da inji kafin a kafa harsashin gini. Wannan shi ne "nazh" a Larabci, kalmar da littattafan fiƙihu ke amfani da ita wajen yashe rijiya.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla uku, ɗaya kan kowace ma'ana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.