Inna, Ke Ma Kawo Hannunki A Auna

Duk ranar awon ciki ko ta rigakafi, in kin leƙa ƙananan asibitocin yankinmu na Kademi, mata kashi biyu za ki gani. Ga masu ciki da masu goyo a kan benci, kowacce da katinta. Can gefe kuma, a inuwar bango, ga wata mai shekara 45 ko 50, riƙe da jaka da yayan jaririn. Ita ta biya kuɗin mashin daga ƙauye, ita za ta sayi maganin da aka rubuta, kuma ita ce ba ta da kati. Rajistocin da muka fi cikawa na masu juna biyu ne da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mai rakiya ba ta da shafi.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, aikina tsakanin matan ƙauyukan Gaya da Ajingi yake. In layi ya ragu nakan ce, "Inna, ke ma kawo hannunki." Amsar kusan ɗaya ce: "A'a 'yar nan, ni ƙalau nake, rakiya na yi." In ta yarda aka ɗaura mata abin awo, sau da yawa jini ya haura 140 bisa 90. In ja fatar idonta ƙasa, in ga ta yi fari fat. Sai in tambaye ta barci, to a nan bakin yake buɗewa.

Tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, don kokon sayarwa ba ya jiran gari ya waye. Da kaka ga ɓarar gyaɗa, ga sussukar gero, ga wake a shanya. Maigida ya tafi ci-rani, sai aike in ya samu. 'Yarta ta zo goyon ciki, don haka kwana 40 na wankan jego a wuyanta suke: itace, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa. An kawo mata jika yaye. Surukarta ta tsufa, sai an ɗaga an kwantar. Ga zubin adashi, ga gudummawar biki, ga kayan ɗakin ƙanwar mai jegon da aka sa wa rana. A daidai wannan lokacin ne kuma jikinta yake juyawa, domin tsakanin shekara 45 da 55 yawancin mata suke daina al'ada. Zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa ta cikin dare ko da hunturu ne, barci ya yanke. Abin da mutanen gida suke gani kawai shi ne Inna ta koyi faɗa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata irin gajiya da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, fita daga rai game da aikin, da raguwar ƙwazo. Hukumar ta taƙaita zancen ga wurin aiki. Ni dai a tsakar gida na fi ganin su, a wurin matar da take cewa ko kukan jikanta ba ta son ji, sannan ta bi maganar da istigfari kamar ta yi saɓo.

Mafakar da yawa daga cikin matan nan haɗin kemis ce, ƙwayoyi kala-kala a ƙullin leda da ake kira maganin gajiya. A ciki akan sami diclofenac ko ibuprofen, waɗanda shansu kullum yake ƙwaƙule ciki, ya taɓa ƙoda, ya ƙara hawan jini. Jiki yana neman hutu, ana toshe masa baki.

Da na ce a huta, sai a ce mini son jiki ba tarbiyyarmu ba ce, mace da haƙuri aka san ta. Shi ya sa nake komawa inda suka fi yarda da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana Faɗima ta koka da yadda dutsen niƙa ya ci mata hannu, ta nemi mai taya ta aiki. Manzon Allah (SAW) bai yi mata faɗa don ta koka ba. Ya zo har shimfiɗarsu ita da mijinta ya zauna, ya koya musu tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 kafin barci. An kuma ruwaito cewa ya ga igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci tana riƙewa in ta gaji da nafila, ya sa a kwance ta, ya ce wanda ya gaji ya zauna. In an yi sassauci a nafila, ina ga surfe? Maigidan da yake kafa hujja da hadisin farko don ya hana taimako, ya tuna Nana A'isha ta shaida cewa Annabi yana taya iyalinsa hidimar gida.

A ƙasar nan ma muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, manyan mata ta zaɓa ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suka riƙa jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu su komo su koyar. Shekarun da muke ɗauka na ƙarewa, ita ta ga na fita neman ilimi ne. Islamiyyar matan aure ta yau jikar wancan tsari ce, kuma a awona, matan da suka riƙe ta sun fi sakewa. Awa biyu ce da ba mai cewa a ba shi tuwo, ga sa'o'inta da za su yi dariya tare, ga tafiyar ƙafa zuwa da dawowa.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Inna ta kishingiɗa bayan azahar ko na rabin awa, a san lokacinta ne. Ta raba wankan jego da ƙanwarta ko kishiyarta, ɗaya safe ɗaya yamma. Samarin gida su ɗauki ruwa da itace. Ta daina cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi: ƙwan kazarta, waken gonarta da zogalen bayan ɗaki haƙƙinta ne, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta rage dunƙule da gishiri, domin abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen.

Zikiri yana kwantar da zuciya, amma akwai abin da sai an kai asibiti. Ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin ƙafa, haki daga ɗan motsi, ko jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, duk a nufi Babban Asibitin Gaya ba tare da jiran kasuwa ta ci ba. Haka baƙin cikin da ya wuce mako 2 bai sassauta ba, musamman in ta fara cewa gara ta mutu ta huta. Wannan a faɗa mana a ranar, mu rubuta takardar tura ta wurin likitocin ƙwaƙwalwa a Kano, ko Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma wannan karon a samo mata wanda zai raka ta.