Tuƙin Tsohuwar Mota Mai Canja Giya Da Kanta
Jagora ga Hakimai da Magatakardansu na Ƙasar Gumel

Tun a shekarar 1939 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da mota mai canja giya da kanta, wadda direbobi ke kira atomatik. Amma a Arewa an daɗe ana koyon tuƙi da mota mai kuloci, irin Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Yau kuwa da yawa daga motocin da hakimai ke fita rangadi da su atomatik ne, sun kuma tsufa a ƙasashen Turawa kafin su iso nan. Direban da ya riƙe su kamar yadda ya saba riƙon masu kuloci, lalle zai kashe giyarsu.

Abin da ke kashe giya

Zafi ne. A irin wannan mota babu kulocin takawa; man giya shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya. In mota ta sha wuya, man ya yi zafi. In ya ƙone, giya ta soma zamewa, watau inji na kuka mota ba ta ja. Ƙasar Gumel kuwa ta haɗa abu uku masu kawo wannan: rairayi, da zafin bazara, da yawan lodi.

Haruffan giya

P ta fakin ce, R ta ribas, D ta tafiya gaba. N kuwa ita ke raba inji da taya. A ƙarƙashinsu akwai 2 da L, masu riƙe mota a ƙaramar giya. Da ƙafar dama kaɗai ake taka totur da birki. Ba a matsa giya daga D zuwa R, ko zuwa P, sai mota ta tsaya cik. Wajen fakin, a fara jan birkin hannu, sa'an nan a sa P, domin ɗan ƙarfen da ke kulle giya bai isa ya ɗauki nauyin mota kullum ba.

Cikin rairayi

A kan kwaltar Gumel zuwa Maigatari D ta wadatar. Amma da an sauka zuwa ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa, inda hanya ke da yashi, sai direba ya sa 2 ko L tun bai shiga ba. In ya bar ta a D, giya za ta yi ta hawa da sauka, mai yana ƙara zafi. Ya riƙe totur daidai wa daida, kada ya tsaya a tsakiyar yashi. Rage iskar taya kaɗan yana taimako, amma a mayar da ita da an hau kwalta.

In mota ta kafe, kada ya yi ta zuba wuta. Taya za ta ƙara nutsewa, man giya ya ƙone. Mutane su sauka, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa kara ko katako, sa'an nan a ja a hankali.

Ranar kasuwa da damina

Ranar Alhamis, da kasuwar dabbobi ta Maigatari ke ci, hanya kan cushe da shanu da manyan motoci. In tsayuwa ta yi tsawo, a mai da giya N a ja birkin hannu. Da damina kuma, kada a faɗa ruwan da ba a san zurfinsa ba. Ruwa in ya shiga man giya, sai man ya koma kamar an gauraya shi da madara, giyar kuwa ba ta daɗewa bayan haka.

In ta mutu a hanya

Ba a tayar da atomatik da turi. In batir ne ya yi sanyi, sai a jona mata na wata mota. Ba a kuma jan ta da igiya zuwa nesa, domin famfon da ke zagaya man giya ba ya aiki sai inji na aiki. A ɗora ta a kan babbar mota.

Aikin magatakarda

Ya kamata kowane hakimi ya sa magatakardansa ya buɗe littafi domin motar: ranar da aka sake man giya, da irin man, da nisan da mota ta yi. Ba kowane mai ke dacewa da kowace mota ba, sai wanda kamfaninta ya ambata. Kafin rangadi direba ya zaro ma'aunin man a wuri mai baiɗaya, yawancin motoci inji na aiki. Mai lafiyayye ja ne garau. In ya yi duhu yana ƙauri, a kai wa makaniki tun a gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya.