Yadda Ake Buɗe Fim ɗin Ban Tsoro

Mabuɗin fim ɗin ban tsoro aikinsa dasa fargaba ne tun kafin dodo ya bayyana. A fim ɗin Jaws na 1975, Steven Spielberg ya nuna budurwa tana iyo a teku da dare, wani abu ya ja ta ƙasa, ba tare da an ga kifin da ya ja ta ba. Halloween na John Carpenter, 1978, ya mai da kyamara idon mai kisan, mai kallo yana bin sawunsa cikin gida. Scream na 1996 kuwa da ƙarar wayar tarho kawai ya fara.

Ɗalibi zai fi amfana in ya kalli mintuna biyar na farkon irin waɗannan finafinai sau biyu, na biyun ba sauti, yana lura da inda haske ya faɗa da lokacin da aka yanke hoto. Galibi sauti ne ke ɗauke da nauyin tsoron. Wannan dabara ta dasa tsoro da sauti ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin mai tatsuniya yakan fara jiyar da gurnanin Dodo kafin ya fito da shi. Wayar hannu, tocila da zauren da ba kowa sun wadatar wajen gwada ɗaukar irin wannan mabuɗi.