ƘAHON DA YA FAƊI TUN LOKACINSA BAI YI BA

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan ƙaho ne. Kowane ɗayanmu a nan Tofa ya san ƙaho tun ya na yaro. Mun san na sa, da na rago, da na bunsuru, mun kuma ga wanda wanzami ya ke kafa wa mutum a baya. Tsofaffinmu da su ka yi farauta sa'anda daji ya ke kusa da gari sun san na barewa da na gada da na gwanki. Dukan waɗannan in sun tsiro sun tsiro ke nan, dabba da abinta za ta mutu. Amma akwai wata dabba a duniya wadda ta kan zubar da ƙahonta kowace shekara, ta tsiro da sabo. Wani lokaci kuwa ƙahon ya kan faɗi da wuri. Bari mu bincika dalilin wannan, gama akwai abin da zai koya mana game da dabbobin da ke ɗaure a turakunmu.

1. Dabbar da irin ƙahonta

Ba mu da sunanta da Hausa, domin ba ta cikin dazuzzukan ƙasarmu. Masu juya littattafai su kan ce da ita barewa, saboda kamannin jiki. Mu za mu kira ta barewa mai ƙahon reshe, gama ƙahonta ya na da rassa kamar itace. Akwai ta da yawa a Turai da Asiya da Amurka. A Afirka kuwa iri ɗaya kaɗai ne na asali, ya na zaune cikin duwatsun Atlas, wajen Aljeriya da Tunisiya.

Ƙahon sa kube ne, irin na kofato da farce, ya rufe wani ƙashi da ke ciki. Shi ya sa in an zare shi a kan iske rami, har wanzami ya yi aiki da shi. Na barewa mai reshe kuwa ƙashi ne zalla. Maza ne su ke da shi, sai dai wani iri na ƙasashen ƙanƙara can arewa, wanda matansa ma su na da ƙaho. Ya kan tsiro daga wasu kututture biyu a bisa goshi, ya na lulluɓe da fata mai taushi kamar karammiski, cike da jijiyoyin jini. Cikin wata uku zuwa huɗu ya gama girma. A manyan iri ya kan ƙaru wajen inci ɗaya a rana. Wannan aiki ya na cin jiki ƙwarai. In abinci bai isa ba, jiki ya kan ɗebo kayan gini daga haƙarƙari ya kai wa ƙahon.

2. Yadda ya ke faɗuwa a kan lokaci

Abin da ke riƙe da ƙahon wani sinadari ne da ke fitowa daga 'ya'yan maraina ya shiga jini, masana su na ce da shi testosteron. Abin da ke mulkin sinadarin kuwa tsawon yini ne. A nan ƙasar Kano yini mafi tsawo bai fi mafi gajarta da abin da ya wuce sa'a ɗaya da rabi ba. Amma a Sikotlan yini ya kan wuce sa'a 17 a watan Yuni, ya koma wajen sa'a 7 a Disamba. Sa'anda yini ya soma raguwa, sinadarin ya kan hau. Ƙahon ya taurare, fatar ta bushe, namijin ya goge ta a jikin itace. Da shi ya ke karo da sauran maza lokacin barbara, wajen Oktoba da Nuwamba.

Bayan barbara sinadarin ya kan sauka. Sai wasu ƙananan ƙwayoyin jiki su soma cin ƙashin daidai mahaɗarsa da kututturen, har ƙahon ya faɗi. Jini kaɗan ya fita, ɓawo ya rufe wurin, daga baya sabo ya tsiro. A arewacin Amurka barewa mai farar wutsiya ta kan zubar tsakanin Janairu da Maris. Jar barewa ta Sikotlan kuwa sai Maris zuwa Afrilu.

An gwada wannan an gani. A 1969 wani masani na Amurka, Richard Goss, ya ba da labarin yadda ya tsare waɗannan dabbobi a ɗaki, ya na tsawaita yini ya na gajarta shi da fitila. Da ya gaggauta musu shekara, su ka yi ƙaho fiye da sau ɗaya cikin wata 12. Tun fiye da shekara 2,300 da su ka wuce kuma Aristotal na ƙasar Girka ya rubuta cewa wanda aka fiɗiye tun ya na ƙarami ba ya yin ƙaho. Mu ma mun san kusa da haka, gama ragon da aka dandaƙe da wuri ƙahonsa ba ya kai na ɗan'uwansa.

3. Abin da ke sa shi faɗuwa da wuri

Tun da ya ke sinadarin ne ke riƙe da ƙaho, duk abin da ya sauke shi da wuri zai ka da ƙahon da wuri. Ga manyan dalilai huɗu.

Na fari, yunwa. In abinci ya yi ƙaranci, ko dabbobi sun yi wa daji yawa, ko dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa tun farkon hunturu, jiki ya kan rage aikin haihuwa domin ya tsira da rai.

Na biyu, gajiya. Lokacin barbara namiji ba ya cin abinci sosai, ya na ta faɗa da bin mata. Ya kan rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Wanda ya shiga sanyi a rame haka ya kan riga sauran zubarwa.

Na uku, rauni. Harbin da bai kashe ba, ko karaya, ko bugun mota, ko miki a gindin ƙaho wanda ya yi ɗiwa. Irin wannan ƙaho wani lokaci ya kan faɗo da guntun ƙashin kai manne da shi.

Na huɗu, cuta da tsutsotsin ciki, waɗanda ke shan jinin dabba a ɓoye ko da ta na ci.

Amma kada mu yi gaggawar yanke hukunci. A cikin jar barewa ta Sikotlan, manyan maza masu ƙoshin lafiya su ne su kan fara zubarwa, ƙanana su biyo baya. Saboda haka masu lura da daji ba su dogara ga dabba ɗaya. Sai sun ga maza da yawa ba ƙaho tun Disamba, a inda aka saba gani a Fabrairu, sa'annan su bincika abinci da lafiyar garken duka. Faɗuwar ƙahon alama ce ta wahalar da ta daɗe a ciki. Labarin zuciya, a tambayi fuska.

4. A turakunmu

Dabbobinmu ba su zubar da ƙaho, amma jikinsu ya na bin ka'ida ɗaya. In abinci ya gaza, abin da ba na tsira da rai ba shi a ke fara ragewa. Ku dubi gindin ƙahon tsohuwar saniya Bunaji, za ku ga zobba-zobba. Ƙahon ya kan rage girma sa'anda ta ke ɗauke da ciki ko ta ke shan wuya, wurin ya bar shaida. Fulani da dillalan kara su na duban wannan in za su kimanta shekarunta.

Hunturun barewa mai reshe shi ne bazararmu. Daga Maris zuwa Mayu karan dawa ya ƙare, gonaki sun zama fili, ga kuma noma ya na tafe. Waɗanda su ka ga farin 1973 da na 1984 sun san dabba ba ta faɗuwa rana ɗaya. Alamu su kan riga zuwa. Gashi ya dushe ya tashi tsaye. Nono ya ragu. Saniya ta daɗe ba ta nemi sa ba. Akuya ta yi ɓari. Dabba ta soma tauna ƙashi ko tsumma ko ƙasa, domin jikinta ya na neman gishirin da ya rasa. Mai gida da ya jira sai san nomansa ya kasa tashi, ya yi hasarar sa, ya kuma yi hasarar huɗar fari.

Me za mu yi? Mu ɗaga harawar wake da ta gyaɗa bisa rumfa tun da kaka, mu riƙa ba da ita da awo domin ta kai bazara. Mu tara 'ya'yan gawo, mu bar itatuwan gawo su tsaya a gonaki. Mu haɗa da dusa da kanwa da gishiri. Mu kira malamin dabbobi ya ba da maganin tsutsa da allurar rigakafi tun dabba ta na da ƙarfi. In kuwa garke ya fi abincin da mu ka tanada, gara mu sayar da ɗaya da ƙibarta a Janairu, da mu sayar da uku a rame a Mayu.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambancin ƙahon sa da na barewa mai reshe?
2. Me ke riƙe da ƙahon, me kuma ke sa shi faɗuwa a kan lokaci?
3. Ku faɗi dalilai huɗu da ke ka da shi da wuri.
4. Don me ba a yanke hukunci da ganin dabba ɗaya?
5. Ku zaga turakunku cikin makon nan. Wace alama ku ka gani, harawarku kuma za ta kai wane wata?